Gwajin Gwadau na Ƙarshe

Ba don mugunta aka raɗa masa Gwadau ba, bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana saurayi, in ya ga sabon abu maganarsa ɗaya ce: "Bari in gwada." Ya faɗe ta a kan rediyon mahaifinsa, rediyon bai sake magana ba. Ya faɗe ta a kan keken ɗinkin yayarsa, ya sha duka. Da girma ya zo sai ya samo sana'ar da ake biyan mutum a kan wannan hali, ya zama mai gyaran kwamfuta, sunan kuwa ya bi shi har furfura.

Shagonsa a ƙarƙashin matattakalar wani bene yake, mai gyaran waya a damansa, mai ɗinkin labule a hagunsa. Wuri ne da in ka miƙe da sauri sai ka ƙume kai. Tebur ɗaya ne a ciki, duk tabon ƙunar dalma, sai fanka mai ƙara da gwangwanin madara cike da filashi, 'yan na'urorin nan da ake sokawa a kwamfuta don ɗaukar bayanai. Duk wanda ya hau benen, ƙurar takalminsa a kan Gwadau take sauka, shi kuwa ko a jikinsa.

Gyaran ƙarfe da waya shi ne abincinsa, amma zuciyarsa tana wajen Linux. Linux ɗin nan manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, kyauta ake samunta, kuma iri-iri ce. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kowane iri da halinsa, shi ya sa Gwadau ya raɗa musu sunayen da ya ga sun dace. Akwai Dattijo, wanda ba ya son sauyi: inda ka bar abu bara, nan za ka same shi baɗi. Akwai Kogi, wanda kullum cikin sabuntawa yake, yau ya kawo maka alheri gobe ya tafi da na'urar buga takardarka. Sai Ɗan Gaye, mai launi da ƙyalli, wanda duk fitowa sai ya sauya wa komai wuri don kawai a san ya sake wanka.

Abin haushin shi ne, Gwadau ya san gaskiya sarai. In mutum ya kawo tsohuwar kwamfuta yana neman abin da zai yi aikin yau da kullum, sai ya tambaye shi me yake yi da ita, kuma wa zai duba masa in ta ƙi. Da ya ji amsa sai ya ɗauko filashin Dattijo.

"Kai ba wasa ka zo yi ba, aiki ka zo yi," yakan ce. "Ka ɗauki wanda ba zai ba ka mamaki ba. Mamaki a kwamfuta ba alheri ba ne."

Mutane da yawa sun ji wannan shawara sun zauna lafiya shekara da shekaru. Mai ba da shawarar ne kaɗai bai taɓa bin ta ba.

Wadda ta ɗanɗana kuɗarta ita ce matarsa, Malama, mai koyar da lissafi a makarantar firamare. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, a kan tebur kusa da tagar falo, a nan take buga tambayoyin jarrabawa. Za ta kwana ta san inda komai yake, ta dawo daga makaranta washegari ta tarar agogon sikirin ya koma sama, wurin rufe shafi ya tsallaka hagu, hoton 'yarsu Auta ya zama hoton wani dutse mai ƙanƙara.

"Baban Auta, wai ni me na yi maka ne?"

"Wannan ya fi sauri, Malama. Ki duba yadda yake buɗewa."

"Ya buɗe da sauri ya kai ni ina? Ni fa kamar in shigo ɗakina ne in tarar an mayar da ƙofa taga."

Sai ya yi dariya, ya rantse wannan ne na ƙarshe. Ta ji wannan rantsuwa tun Auta na goye, ta ji ta har Auta ta yi aure ta bar garin. Daga baya ya raba rumbun kwamfutar, wato ma'ajiyar da komai ke zaune a ciki, gida biyu, ya kira ɗaya ɗakin gida, ɗaya ɗakin baƙi, da sharaɗin a ɗakin baƙi kawai zai riƙa gwaje-gwajensa. Wani lokaci yana cika sharaɗin.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, ya riƙe shi riƙon sakainar kashi. Magani in ya tuna, asibiti in Malama ta tasa shi gaba. Da farko ƙananan sukurori ne suka fara ɓace masa a kan tebur, ya ɗora wa ƙwan fitila laifi. Sai wata rana ya ɗiga dalma a inda bai kamata ba, ya ƙone kwamfutar wata mata mai shagon magani. Bai taɓa yin haka ba tunda ya fara sana'a. Ya zauna yana kallon hayaƙin, sai ya rufe idon dama da tafin hannu don ya gwada na hagu, ya ga babu tebur, babu hayaƙi, babu komai sai wani duhu mai ja-ja.

Likitan ido bai ɓoye masa ba. Na hagu ya tafi. Na dama jijiyoyinsa sun yi rauni, za a yi abin da za a iya, amma jini na iya zuba a cikinsa kowane lokaci.

"Baba, ba zan ce maka yaushe ba, don ban sani ba. Abin da zan ce shi ne, duk abin da kake son koya da ido, ka koye shi yanzu."

A hanyar komawa gida Malama ta riƙe masa hannu za su tsallaka titi, ya fizge. Ya ji kunyar fizgewar, amma ya fi jin tsoron riƙon. A ranar ya gane abin da ke gabansa: za a ja shi zuwa asibiti, a ja shi zuwa ɗaurin aure, a zuba masa ruwa a kofi a ce ga shi nan a damanka. Ya yarda da wannan duka, don ba shi da yadda zai yi. Abu ɗaya ya ƙi yarda a ƙwace masa. Yana son ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai, ya kunna ta da hannunsa, ya yi aikin da za a ce nasa ne, ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba.

Hanya kuwa ta samu. Wani lauya da Gwadau ya daɗe yana gyara wa kwamfutocin ofis ya ji labari ya zo har gida. Ya ce suna da maganganun da ake naɗa a wajen zaman shari'a, suna neman mai saurare ya buga su a rubuce, kuma ya san yatsun Gwadau ba sa neman ido a kan kibod.

"Ka shirya a tsanake, Malam Gwadau. In ka ce ka shirya, sai mu fara turo maka."

Ya sallama shagon, mai ɗinkin labule ya faɗaɗa nasa. Gwangwanin filashi kaɗai ya dawo da shi gida. Ya zazzage su a kan tebur, ya daɗe yana juya su, kamar mai zaɓen wanda zai bar wa wasiyya. Akwai manhaja mai karanta wa makaho abin da ke kan sikirin da murya, kusan kowane irin Linux yana da ita. Amma makaho ba murya kaɗai yake bukata ba, yana bukatar gidan da ba a matsar masa da kaya. Kogi zai iya wayar gari ya tafi da muryar. Ɗan Gaye zai sauya ƙofofi. Gwadau ya yi tsaki, ya ɗauki wanda ya shekara ashirin yana ba wasu yana raina shi a ransa.

"Dattijo zan saka," ya ce da Malama. "Kuma daga shi na rufe."

"Na taɓa jin wannan waƙar."

"Wannan karon ba waƙa ba ce. Ni ma ina da roƙo. Kada a ƙara matsar da komai a gidan nan. Kujerarki ta zauna inda take, bokiti inda yake, ƙofa ko a buɗe ko a rufe, ban da rabi."

Ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa.

"To, mu yi alkawari. Ni ba zan matsar da ko tsinke a gidan nan ba. Kai kuma kada ka matsar da ko tsinke a cikin wannan akwatin."

Ta cika nata alkawarin fiye da yadda ya roƙa. Macen da ba ta iya wata guda ba ta juya falo ba, ta bar kujerarta a jikin bango har ƙafafunta suka yi gurbi a leda. In baƙi suka tashi, sai ta bi ta mayar da kowane abu mazauninsa.

Shi kuma ya duƙufa. Da ɗan hasken da ya rage a idon dama, hanci kusan manne da sikirin, ya gyara komai yadda kunne da yatsa za su gane. Ya ɗiga gam a kan wasu maɓallai don ya riƙa jin su. Ya shirya yadda maɓalli ɗaya zai tsayar da magana, wani ya mayar da ita baya kaɗan. Ya rage saurin muryar, ya ƙara, ya sake ragewa har ta zauna masa. Muryar dai ba daɗi, kamar mai mura yana magana cikin bokiti, Malama ta sa mata suna Mai Mura. In ya gama gyara wani abu, sai ya ɗaure fuskarsa da ɗankwalinta ya maimaita a duhu. Watanni ya yi a haka. Ranar da ya kunna kwamfutar, ya buɗe magana, ya buga shafi guda cur ya adana, duk da ɗankwali a fuska, Malama ta tafa masa daga kicin. Ya kira lauya ya ce a fara turowa farkon wata. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar tun kafin ya ga likita.

Ana cikin haka mai gyaran waya, tsohon maƙwabcinsa na shago, ya zo duba shi. Mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya zo. Ya ji Mai Mura tana karatu ya kwashe da dariya.

"Haba Malam Gwadau, wannan ai sai ta sa maka ciwon kai. Ba ka ji Ɗan Gaye ya fito da sabo ba? An ce muryarsa kamar mutum na zaune kusa da kai. Ga shi ma na sauko maka da shi, ko za ka duba."

Ya ajiye filashin a kan tebur ya tafi. Gwadau bai taɓa shi ba a ranar. Washegari ya jefa shi cikin gwangwani. Wanshekare ya ciro shi ya sa a aljihu. Ciwon kan kuwa gaskiya ne, Mai Mura tana sa shi, kuma ita zai saurara har ƙarshen ransa. Ya riƙa gaya wa kansa cewa ai ba saɓa alkawari ba ne, tunda ɗakin baƙi yana nan a share. A can zai sauke shi, ya ji muryar sau ɗaya, in ba ta yi ba ya kore shi, Malama ba za ta ma sani ba.

Da hantsi, bayan ta tafi makaranta, ya soka filashin.

Duk mai wannan sana'a ya san akwai shafi ɗaya da ba a wasa da shi wajen saka Linux. Shi ne inda ake tambayarka: a sauke sabon a gefen na da, ko a share rumbun gaba ɗaya? Gwadau ya sha ja wa mutane kunne a kan wannan shafi. Ya matso da fuskarsa yana jiran ya buɗe. Shafin na buɗewa, wani baƙin abu ya sauko masa a ido daga sama, kamar an ɗiga tawada a kofin ruwa. Ya ƙifta. Ya murza. Tawadar ta bazu, ta cinye rubutun, ta cinye sikirin, ta bar masa wani haske-haske a inda taga take.

Ya san ko mene ne. Jinin da likita ya faɗa ne ya zuba.

A nan ne abin takaicin yake, don har lokacin ba a taɓa komai ba. Da ya zare filashin ya kashe kwamfutar, da shi ke nan, Dattijo na nan yadda ya bar shi. Ɗan koyo ma abin da zai yi ke nan, don ɗan koyo yana da tsoro. Gwadau gwaninta ce ta cuce shi. Ya wuce ta wannan shafi sau ba adadi, yatsunsa sun haddace: ka sauko ƙasa sau ɗaya, ka danna, ka sake dannawa. Ya ce a ransa, in dai idon ya tafi ke nan, to yau ce rana ta ƙarshe da zai iya samun murya mai daɗi da hannunsa. Ya manta abin da shi da kansa yake faɗa wa mutane, cewa Ɗan Gaye ba ya fitowa bai sauya wa abubuwa wuri ba.

"Bari in gwada," ya ce, shi kaɗai a falo.

Ya sauko sau ɗaya, ya danna. Ya sake dannawa. Rumbun ya fara gurnani, ya daɗe yana yi.

Da kwamfutar ta sake tashi, ya jira gaisuwar murya, bai ji ba. Ya danna maɓallan da ke tayar da mai karatu. Shiru. Ya laluba lasifika ya murɗa har ƙarshe, sai wani huci kawai. Ya kashe ya kunna, yana danna ƙasa da sama ko zai faɗa ɗakin gida da sa'a. Ya yi ta yi har rana ta bar tagar. Ko sabuwar muryar tana da daɗi ko ba ta da shi, bai taɓa ji ba, don sabon bai ma gane lasifikar kwamfutar ba.

Ya ji ƙarar mukulli, ya ji Malama ta ajiye jaka. Sallamarta ta tsaya a rabi.

"Baban Auta, wane launi ne wannan a sikirin?"

Bai juyo ba. Ta zagayo ta ga idanunsa a buɗe suna kallon gefen kwamfutar, ba tsakiyarta ba. Ta kaɗa hannu a gabansa, bai ƙifta ba. Ta dafe ƙirji.

"Tashi mu tafi asibiti. Tashi yanzu."

"Za mu je. Ki fara duba mini abu ɗaya, don Allah."

"Kwamfuta kake ta tata, idonka ya..."

"Malama, don Allah."

Ba ta taɓa jin ya roƙe ta da irin wannan murya ba. Ta matso gaban sikirin. Ya riƙa faɗa mata abin da za ta nema, tana karanto masa kalma-kalma, har suka buɗe inda ake ganin hoton rumbun.

"Za ki ga wani dogon layi a kwance. Gida nawa aka raba shi?"

"Akwai wani ɗan mitsitsi a farko. Sauran duk launi ɗaya ne."

"Duba da kyau. Ba wani babba a gefen dama? Ba tsaga a tsakiya?"

"Babu tsaga, Baban Auta. Daga nan har ƙarshe abu ɗaya ne."

Ya sa yatsa a kan ɗigon gam ɗin da ke kibod yana shafawa. Shi kaɗai ya rage daga aikin watannin nan. Tambayoyin jarrabawarta na shekaru ma a ɗakin gida suke, da hotunan Auta tun tana rarrafe. Ta san haka, shi ma ya sani. Ya jira ta yi faɗa, ya ma so ta yi, ta ce ai ta faɗa, ta kira shi da sunan da gari ke kiransa. Ba ta ce uffan ba a ranar, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba daga baya, wannan shirun ya fi masa zagi ciwo.

Likita ya ce wataƙila jinin ya kwanta, wataƙila kuma a'a. Bai kwanta ba. Lauya ya jira iya jiransa, ya turo a gaishe shi, daga baya ya ba wani aikin, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Wata Asabar da safe Gwadau na zaune gaban kwamfutar a kashe, sai ya ji ƙarar da ya daɗe bai ji ba a gidan. Kujera ake ja a kan leda. Malama ce ta ciro kujerarta daga gurbinta na jikin bango, ta kawo ta dab da tasa.

"Wanne ne filashin Dattijo?"

"Shuɗi, mai tsagaggen murfi."

"To faɗa mini inda zan danna."

Haka suka sake gina shi, ita ce ido shi ne baki, Asabar bayan Asabar. Abin da a da yake yi da kansa cikin minti kaɗan, yanzu sai sun yini a kai, tana karanto abin da ba ta gane ba, yana tambayar abin da ba ta san sunansa ba. Da suka iso shafin nan, sai da ya sa ta karanta masa shi sau uku. A ƙarshe Mai Mura ta dawo da murarta, maɓallan suka koma aikinsu, kusan komai ya zauna inda yake a da.

Mutumin ne bai koma yadda yake ba. Yatsunsa sun san hanya, amma ya daina yarda da su. In ya ɗora hannu a kan kibod shi kaɗai, sai gumi ya keto masa, ya ji kamar kowane maɓalli shi ne wancan. Malama ta yi lallashi, ta yi tsiya, ta ce Dattijo ai ba ya ba da mamaki, kai ka faɗa. Sai ya ce ya sani.

Kujerar ba ta koma jikin bango ba, kuma bai taɓa cewa a mayar da ita ba. Kullum da safe in Malama ta tafi makaranta, yakan laluba ya zauna a tasa, ya ɗora hannu ɗaya a kan wadda babu kowa, kwamfutar a kashe. Kwanaki mai gyaran waya ya sake leƙowa, ya same shi a haka. Ya zauna suka gaisa, sai ya ce ko za a kunna ya ji yadda aka gyara muryar.

Gwadau ya janye hannunsa daga teburin ya ɗora a cinya.

"Bari ta dawo," ya ce.